Merlot: Inabin da Aka Raina Saboda Kowa na Son Sa

A shekarar 2004 aka saki wani fim a Amurka mai suna Sideways, wanda Alexander Payne ya ba da umarni. Labarin abokai biyu ne da suka ware mako guda suna yawo a gonakin inabi na yankin Santa Barbara da ke jihar Kalifoniya, kafin ɗayansu ya angwance. Babban jarumin, Miles, wanda Paul Giamatti ya fito a matsayinsa, malamin makaranta ne da aurensa ya mutu, littafin da ya rubuta kuma ya rasa mai buga shi. Abin tinƙaho guda da ya rage masa shi ne ya san giyar inabi. Wata rana da dare, a ƙofar wani gidan cin abinci, ya dubi abokinsa cikin fushi ya rantse cewa muddin wani ya sa aka kawo Merlot teburinsu, shi kam tashi zai yi. Maganar ba ta ɗauki daƙiƙa goma ba. Fiye da shekara ashirin ke nan, amma har yau da wuya a rubuta wani abu kan wannan inabi ba a ambace ta ba.

Na san yawancin masu karanta wannan shafi ba sa shan giya, ni ma haka, kuma hukuncinta a addini ba ɓoyayye ba ne. Masu neman hujjar lafiya ma an rufe musu ƙofa, domin a watan Janairun 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa babu wani adadin barasa da za a ce ba ya cutar da jiki. Abin da ya ja ni ga Merlot shi ne ban san wani amfanin gona da tarihinsa ya fi fallasa yadda ake ƙera abin da muke kira “iya zaɓe” ba. Ra'ayina shi ne raini da aka yi wa wannan inabi raini ne ga mutanen da ke son sa, an kuma lulluɓe shi da rigar ƙwarewa. 'Yan jarida, abokan sana'ata, su ne suka ɗinka rigar.

Mene ne Merlot?

Merlot baƙin inabi ne da asalinsa yake yankin Bordeaux a kudu maso yammacin Faransa. Ana danganta sunansa da wani baƙin tsuntsu da Faransawa ke kira merle, ko don kamar launi, ko don yadda tsuntsun ke ɓarnar 'ya'yansa idan sun nuna. Ambatonsa na farko a rubuce ya zo ne a 1784, a bayanan wani jami'in yankin. Gwajin ƙwayoyin halitta ya nuna cewa an haife shi ne daga haɗuwar inabi biyu: Cabernet Franc, da wani tsohon iri mai suna Magdeleine Noire des Charentes wanda ya kusa ɓacewa daga doron ƙasa, sai a 2009 aka tabbatar da dangantakar.

Halinsa a gona shi ne ya haifar da halinsa a kofi. Yana nuna da wuri, kusan mako biyu kafin Cabernet Sauvignon, abokin tafiyarsa a Bordeaux. Ɓawonsa ya fi siriri, kuma a cikin ɓawo da ƙwallo ne sinadarin tanin yake, wato abin da ke sa baki ya bushe ya yi bauri. Duk wanda ya taɓa tauna goro ko ya sha shayin da ya daɗe a wuta ya san wannan bauri. Giyar Cabernet Sauvignon tana da shi sosai, har takan buƙaci shekaru a kwalba kafin ta lafa. Ta Merlot ba ta da shi da yawa, shi ya sa ake cewa tana da laushi. Masu ɗanɗano kan siffanta ƙamshinta da na nunannun 'ya'yan itace irin su ceri da fulam, wanda in za a nemo masa dangi a abin da muka sani sai a ce ɗinya. Wannan ƙamshi ne kawai, domin yawancin sukarin inabin ya riga ya rikiɗe ya zama barasa.

Manomi na son sa don yana kai amfaninsa gida kafin ruwan kaka ya lalata shi, yana kuma jure ƙasa mai yumɓu da sanyi wadda Cabernet Sauvignon ba ya nuna a cikinta da kyau. Bayan matsanancin sanyin watan Fabrairun 1956 da ya ƙone gonakin Bordeaux, da Merlot aka maye gurbin da yawa daga cikin itatuwan da suka mutu. A yau shi ne ya cinye fiye da rabin gonakin baƙin inabi na yankin, shi ne inabin da aka fi shukawa a Faransa baki ɗaya, kuma ƙididdigar da hukumar inabi ta duniya ta fitar a 2017 ta sa shi a kusan hekta 266,000 a faɗin duniya, na biyu bayan Cabernet Sauvignon a cikin inabin da ake yin giya da shi. Mai saye kuwa na son sa don ba ya buƙatar a koya wa harshe haƙuri kafin a ji daɗinsa. Wannan sauƙi ne ya jawo masa farin jini, shi ne kuma ya jawo masa zagi.

Allon da ya ɗaga shi, allon da ya kayar da shi

A watan Nuwamban 1991 shirin talabijin na 60 Minutes ya watsa wani rahoto da Morley Safer ya gabatar. Tambayar rahoton ita ce me ya sa Faransawa, duk da cin man shanu da cuku da kitse, ba sa fama da ciwon zuciya kamar Amurkawa. Amsar da aka jingina wa masu kallo, ta bakin masanin kimiyya Serge Renaud da wasu, ita ce jar giya. Cinikin jar giya a Amurka ya yi tashin gwauron zabi cikin watanni. Miliyoyin mutane da ba su saba da ita ba suka shiga kantuna suna neman wadda ba za ta ɗaure musu baki ba, wadda kuma sunanta ba ya wahalar faɗa. Merlot suka samu.

Daga baya masu bincike sun nuna raunin wancan da'awa. Yawancin nazarin da ke cewa mai sha kaɗan ya fi wanda ba ya sha lafiya sun cuɗa waɗanda ba su taɓa sha ba da waɗanda rashin lafiya ce ta sa suka daina. Amma kafin gyara ya iso, kasuwa ta riga ta yi nisa. Kalifoniya ta ninka gonakin Merlot sau da yawa cikin shekarun 1990, har da wuraren da zafi ya yi yawa, ana shayar da itatuwa ruwa fiye da kima don su yi 'ya'ya jingim.

Shekara goma sha uku bayan wancan rahoto, Miles ya yi rantsuwarsa. Inabin bai canza ba tsakanin 1991 da 2004. Ɓawonsa yana nan yadda yake, yumɓun da yake so yana nan. Wani allo ya ce wa jama'a wannan magani ne, suka ruga. Wani allon ya ce musu wannan abin sha ne na marasa wayewa, suka fara jin kunyar ambatonsa a gaban baƙi.

Abin dariyar yana cikin fim ɗin kansa. Dukiyar da Miles ya fi ji da ita kwalba ce guda ta Château Cheval Blanc ta shekarar 1961, wadda ya ɓoye yana jiran ranar da ta cancanta, a ƙarshe ya shanye ta shi kaɗai da kofin sha-ka-yar a wani shagon abincin gaggawa. Giyar Cheval Blanc, daga Saint-Émilion, haɗin inabi biyu ce: Cabernet Franc, wanda Miles ya kushe a wani wuri a fim ɗin, da Merlot. Mutumin da duniya ta ɗauki hukuncinsa yana bauta wa abin da yake zagi. Shi ɗin ma an zana shi ne a matsayin mai raunin zuciya da ke fakewa da ilimin giya don ya ɓoye gazawarsa, har satar kuɗin mahaifiyarsa ya yi. Masu kallo suka bar darasin, suka tafi da girman kan.

Mu 'yan jarida kuma muka ƙara gishiri. An yi ta rubuta cewa fim ɗin ya kashe Merlot. Da masanin tattalin arziki Steven Cuellar na Jami'ar Sonoma State da abokan aikinsa suka bi bayanan ciniki, a nazarin da suka wallafa a 2009, abin da suka samu ya fi haka sanyi: cinikin Merlot ya ragu da kimanin kashi 2 cikin ɗari, na Pinot Noir, inabin da Miles ke yabo, ya ƙaru da kusan kashi 16. Wato talaka bai daina sayen Merlot ba. Waɗanda suka juya masa baya su ne masu rubutu, masu jera sunayen giya a manyan gidajen abinci, da masu son a gan su sun sani. Da yake su ne ke riƙe da alƙalami, sai suka rubuta abin da ke faruwa a teburinsu kamar shi ne abin da ke faruwa a duniya.

Hujjar masu raini

Adalci ne a saurari ɓangaren da nake suka. Suna cewa Merlot ɗin da ya cika kantunan Amurka a ƙarshen shekarun 1990 ba shi da kyau, salam yake, ba ƙamshi ba armashi, kuma fim ɗin ya faɗi abin da masana suka daɗe suna gunaguni a kai ne. Wannan gaskiya ne. Suna kuma cewa ɗanɗano abu ne da ake horarwa, kuma wanda ya shekara ashirin yana aikin zai ji abin da sabon shiga ba zai ji ba. Wannan ma gaskiya ne, kamar yadda yake a kowace sana'a.

Sai dai ba a nan gizo ke saƙa ba. Idan matsalar mugun noma ce, ai mugun noma ya kamata a zaga, a kira sunan kwarin da aka shuka inabin a inda bai dace ba, a kira kamfanonin da suka fifita yawa a kan inganci. Abin da aka yi shi ne aka ɗora laifin a kan irin gaba ɗaya. Ga kuma abin da masu rainin suka sani sarai: Pétrus, daga ƙaramin yankin Pomerol, gonar da ba ta kai hekta 12 ba a kan wani tudun yumɓu, tana cikin giya mafi tsada a duniya, ana sayar da kwalba guda kan dubban daloli, kuma Merlot ce. Masseto ta Tuscany a Italiya Merlot ce. A 2017 mujallar Wine Spectator ta zaɓi Merlot na gidan Duckhorn da ke kwarin Napa a matsayin giyar shekara. Ban taɓa jin wanda ya tashi daga tebur don an kawo Pétrus ba. Merlot na dala goma ne abin ƙyama, na dala dubu uku kuwa abin alfahari. To, me ake ƙyama a nan, inabin ko mai sayen na dala goman?

Masanin zamantakewa ɗan Faransa Pierre Bourdieu ya yi wannan bayani tun 1979 a littafinsa La Distinction, inda ya nuna cewa abin da masu hali ke kira kyakkyawan zaɓi yakan zama katangar da ke raba su da na ƙasa. Katanga kuwa ba ta da amfani idan kowa na iya tsallaka ta. Pinot Noir yana da wahalar noma, ba ya yin kyau sai a wurare masu sanyi, nagarinsa yana da tsada, jin daɗinsa kuma yana buƙatar sabo. Duk waɗannan sun sa ya dace da zama alama. Merlot kuwa sakatariya na son sa, direba na son sa, wanda ya fara sha jiya ma na son sa, don haka ba ya iya bambanta kowa da kowa.

Harshe ko kunne?

Za a iya cewa duk wannan zargi ne, mu koma ga harshe ya raba gardama. An koma, kuma sakamakon bai yi wa masu raini daɗi ba.

A 2001, a Jami'ar Bordeaux, Frédéric Brochet da abokan bincikensa suka rina farar giya da jan launi marar ƙamshi, suka ba ɗalibai 54 masu nazarin harkar giya. Ɗaliban suka siffanta ƙamshinta da kalmomin da ake siffanta jar giya da su. A 2008 Hilke Plassmann da abokan aikinta daga Caltech da Stanford suka sa mutane cikin na'urar ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa suna ba su giya ɗaya sau biyu, sau ɗaya a ce musu ta dala 90 ce, sau ɗaya a ce ta dala 10. Mutanen sun ce mai tsadar ta fi daɗi, kuma sashen ƙwaƙwalwa mai alaƙa da jin daɗi ya fi motsi a lokacin. Ba ƙarya suke yi ba, da gaske farashin ya canza abin da suka ji. A wannan shekarar kuma Robin Goldstein da wasu suka tattara ɗanɗano fiye da 6,000 da aka yi ba tare da ganin kwalba ba, suka ga cewa mutanen da ba su da horo ba sa fifita mai tsada, hasali ma sun ɗan fi karkata ga mai araha.

Shi kansa Merlot yana da shaidu biyu da suka fi na ɗakin gwaji ƙarfi. Na farko a ƙasar Chile yake. An shafe shekaru da dama manoman ƙasar suna sayar wa duniya giya da sunan Merlot, masana suna yabon ɗanɗanonta na daban. A 1994 masanin tsirrai Jean-Michel Boursiquot ya dubi ganye da furen itatuwan a gona, ya ce da yawa daga cikinsu Carménère ne, wani tsohon irin Bordeaux da aka ɗauka ya kusa ƙarewa. Idon mai nazarin ganye ne ya warware abin da harsunan masu ɗanɗano suka kasa warwarewa.

Na biyu ya fi ciwo. Da bukatar Pinot Noir ta haura bayan fim ɗin, kamfanin E. & J. Gallo na Amurka ya riƙa sayo shi daga kudancin Faransa yana sayarwa da tambarin Red Bicyclette. A watan Fabrairun 2010 wata kotu a garin Carcassonne ta sami mutum 12 da laifin damfara. Tsakanin 2006 da 2008 sun tura wa kamfanin giyar da ta kai cikin kwalba miliyan 18 da sunan Pinot Noir, alhali mafi yawanta Merlot ce da Syrah. Jami'an binciken zamba na Faransa ne suka gano, kuma da lissafi suka gano, domin abin da aka sayar ya zarce duk Pinot Noir ɗin da yankin ke iya nomawa. Ɗaya daga cikin lauyoyin waɗanda ake tuhuma har ya kafa hujja da cewa babu wani mai saye a Amurka da ya yi ƙorafi. Mutanen da suka guje wa Merlot don kada a ce ba su waye ba sun shafe shekara biyu suna shan sa da wani suna, suna kuma biyan ƙarin kuɗi.

Wa ke biyan kuɗin yayi?

Da a ce abin ya tsaya a kan wasu 'yan gayu da aka yi wa wayo, da sai a yi dariya a wuce. Amma itacen inabi ba riga ba ne da za a canza a mako guda. Yana ɗaukar kimanin shekara uku kafin ya ba da amfanin farko, yana kuma iya rayuwa shekara talatin ko fiye. Manomin da ya ci bashi ya shuka Merlot a 1999 saboda kasuwa ta ce shi take so, bai gama biyan bashin ba aka ce masa ya zama abin kunya. Da yawa a Kalifoniya sun tumɓuke itatuwansu ko sun yi musu aure da wani iri. Nazarin da masu bincike na Jami'ar Kalifoniya da ke Davis suka wallafa a 2022 ya nuna inda aka dosa: an shuka Pinot Noir mai yawa a kwarin tsakiyar jihar, inda zafi bai dace da shi ba, don a cika kwalaben masu araha. Kuskuren da aka zagi Merlot a kansa shi aka maimaita da sabon gwani. An sayar da kare an sayi biri.

A halin da ake ciki kuma, haɗarin gaske da ke fuskantar Merlot ba shi da alaƙa da abin da wani jarumin fim ya faɗa. Nuna da wuri, wanda ya kasance garkuwarsa a zamanin da kaka ke da sanyi da ruwa, ya zama rauni yanzu da zafi ke ƙaruwa. Inabin kan nuna ya wuce kima, sukari ya yi yawa, barasa ta yi ƙarfi, tsamin da ke daidaita ɗanɗano ya gudu. A 2021 hukumomin Faransa suka amince wa Bordeaux ta gwada sababbin iri shida masu jure zafi, cikinsu har da Touriga Nacional na ƙasar Fotugal. A 2023, sakamakon raguwar shan jar giya a Faransa da ja da bayan kasuwar Sin, aka ɓullo da shirin biyan manoman yankin Yuro 6,000 kan kowace hekta don su tumɓuke gonaki kusan hekta 9,500. Waɗannan ƙananan manoma ne, ba masu Pétrus ba, kuma Merlot ne ya fi yawa a yankinsu. Wannan labari bai sami ko rubu'in tawadar da aka zubar kan rantsuwar Miles ba, domin ba shi da jarumi, ba shi da barkwanci, ba ya kuma ba mai karatu damar jin ya fi wani.

Ban ce babu gwani ba, ban kuma ce komai ɗaya ne ba. Akwai Merlot nagari akwai na banza, kuma mai horo zai fi ni da kai bambancewa. Abin da nake ƙi shi ne al'adar da ke mayar da sauƙi aibi, ta mayar da farin jini hujjar rashin inganci, sannan ta kira hakan ilimi. Idan mai karatu ya ji kansa yana shirin yatsina fuska ga wani abu, ko abinci ne ko littafi ko tufafi, ya dace ya tsaya ya tambayi kansa yaushe ya gwada shi, da kuma wa ya fara gaya masa cewa ba shi da kyau. A batun Merlot dai amsar tana nan a rubuce cikin takardun kotun Carcassonne: kwalba miliyan 18, kuma mai binciken lissafi ne ya fara lura.